Cek ɗin Kawu da na'urar banki

Mai gidanmu ya rubuta cek na kuɗin atamfa, Kawu ya karɓa ya miƙo min, na nufi banki a nan Jidda bayan Azahar. Kun dai san Kawu.

Kashiya ya zura cek ɗin a na'ura, ta tofo shi. Ya sake, ta sake. Ni kuwa da na yi shekaru ina gyaran irin waɗannan na'urori, sai na gyara tsayuwa na fara ba shi karatu da Larabcina na kasuwa. Na ce masa lambobin nan na ƙasan cek da tawada mai garin ƙarfe ake buga su, na'ura tana fara goga musu maganaɗisu, sannan su wuce ta kan wani kai irin na rediyon kaset, kowace lamba da siginar da take bayarwa. Har na ƙara da cewa salon rubutun lambobin nan, mai suna E-13B, da bankunan Amurka suka ɗauka a 1958, alamomi 14 ne kacal, lambobi 10 da alamomin rabewa 4. Hatimi ko ɗigon shayi ba sa hana karatu, na ce, saboda haka kan na'urarku ne ya yi datti, a kawo auduga da sifirit.

Bai ce uffan ba. Ya ɗaga cek ɗin sama, yadda duk layi zai gani. Ƙusoshin sitefila biyu, cak a kan lambar asusu, riƙe da rasit ta baya. Wurin nan na ƙasa, kusan milimita 16, ba a son komai ya taɓa shi, balle ƙarfe. Ga kuma ninki ya bi ta tsakiyar lambobin ya kankare tawadar.

Wani dattijo a bayana, Bahaushe, da carbinsa, ya ce, "Injiniya, a kawo audugar?"

Wannan mutumin tun shigowata yake taka min silifas. Shi fa ba cek ya kawo ba, sanyin AC ya zo sha, don na ga ya bar mutum uku sun wuce shi. Har na fita yana ce wa na kusa da shi, "Injiniya ne fa."

Kashiya ya cire ƙusoshin, ya shigar da lambobin da hannu. Kawu kuwa da na tuhume shi, cewa ya yi ai don kada rasit ya ɓata ne, kuma wai ina canjin kuɗin mota.