Ganye Ya Yi Yawa, Ina 'Ya'yan?

'Yan'uwana matasa a cikin Almasihu, akwai wata tambaya a littafin Ishaya sura 5 da ta daɗe tana hana ni sakat, kuma ina so ku ma ta dame ku. Annabin ya fara magana kamar mai rera waƙa saboda ƙaunataccensa. Ya ce mutumin yana da gonar inabi a kan tudu mai ni'ima. Ya kafce ƙasar, ya tsince duwatsun, ya dasa iri mafi kyau, ya gina hasumiyar tsaro a tsakiya, har ya sassaƙa wurin matse inabi a cikin dutse. Mutum ba ya shan wahalar sassaƙa wurin matsa sai yana da tabbacin girbi. Da lokaci ya yi, gonar ta yi 'ya'ya, amma masu tsami waɗanda ba sa ciyuwa. Sai mai gonar ya yi tambaya a aya ta 4: me ya rage da ya kamata ya yi wa gonar nan wanda bai yi ba?

Ku sa sunanku a wurin gonar, ku sake karanta tambayar. An yi mana baftisma. Littafi Mai Tsarki yana hannunmu, yana kuma cikin wayoyinmu. Wa'azin da wasunmu suka ji a shekara guda ya ishi mutum ya gyara rayuwarsa gaba ɗaya. Daga wajen Allah babu abin da ya rage.

Ishaya bai bar mu muna lalube ba game da irin 'ya'yan da ake nema. A aya ta 7 ya ce Allah ya nemi shari'ar gaskiya sai ya tarar da zub da jini, ya nemi adalci sai ya ji kukan waɗanda aka zalunta. Ya ci gaba da ambaton laifin mutanen Yahuza: masu haɗa gida da gida, gona da gona har talaka ya rasa wurin zama, masu sammako don neman abin sha mai sa maye, masu kiran mugunta nagarta, masu karɓar toshiyar baki su saki mai laifi. Mutanen nan ba su daina zuwa Haikali ba fa. A sura ta 1 Allah ya ce ya gaji da yawan hadayunsu da bukukuwansu. Sujada tana tafiya daidai, halin ne ya ruɓe.

Wannan shi ne ciwon da nake gani a cikinmu, kuma da kaina zan fara. Na yi shekaru ina cikin ƙungiyar mawaƙa, ba a buɗe majami'a ba ni. A cikin waɗannan shekarun na yi kusan biyu ba na gaisawa da wani ɗan'uwa saboda wata magana da ya faɗa a kaina. Muna tsayawa layi ɗaya muna rera waƙar gafara, in an tashi kowa ya kama gabansa. Mutane suna yaba mini da himma, ni ma na yarda da yabon. Ganye ne kawai nake da shi a lokacin, ban sani ba.

Markus sura 11 ya ba da labarin ranar da Yesu ya fito daga Betanya yana jin yunwa. Ya hango itacen ɓaure mai ganye daga nesa, ya je, bai sami komai ba sai ganyen. Ya la'anci itacen, ya wuce Urushalima ya kori masu saye da sayarwa daga Haikali, washegari da safe almajiransa suka ga itacen ya bushe tun daga saiwa. Markus ya sa labarin Haikali a tsakiyar labarin ɓauren domin mu gane abu ɗaya ake nufi. Daga nesa akwai alamar rai, da aka matso babu abin ci. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

'Ya'yan da Bulus ya ambata a Galatiyawa 5:22-23 guda 9 ne, kuma babu ko ɗaya da ake iya aunawa a kan mumbari. Haƙuri yana bayyana ne lokacin da ƙanenka ya ɓata maka rai karo na uku. Kamun kai yana bayyana da tsakar dare, kai kaɗai da wayarka. Aminci kuwa, a tambayi wanda ya ba ka rance, ko yarinyar da ka yi wa alkawari. 'Yar'uwata, ke ma a tambayi ƙawar da kika riƙe sirrinta.

Kada wani ya ji wannan ya ce to zai ɗaura ɗamara ya ƙago 'ya'ya da ƙarfinsa. Na gwada, kwana kaɗan nake yi in koma gidan jiya. A Yohanna sura 15 Yesu ya ce shi ne kurangar inabi, mu ne rassan, kuma in ba tare da shi ba ba mu iya yin komai. Reshe ba ya nishi kafin ya yi 'ya'ya, zamansa a jikin kuranga ne yake jawo masa ruwa. Shi ya sa addu'ar ɓoye da karanta Maganar Allah domin a yi biyayya suka fi yawan tarurrukan da muke cika ranakunmu da su. Ya kuma ce reshen da yake ba da 'ya'ya ma Uba yakan datse shi don ya ƙara bayarwa. Datsewa da zafi take. Wani lokaci abota ce za a yanke, wani lokaci hanyar samun kuɗi ce da ka san ba ta da tsabta.

Ga wanda ya riga ya fāɗi har yana jin ya gama lalacewa, ya duba Luka 13:6-9. Mai gona ya yi shekara 3 yana zuwa neman 'ya'ya a jikin ɓaurensa bai samu ba, ya ce a sare shi, don me zai tare wuri a banza. Mai kula da gonar ya roƙa a bar shi wannan shekarar ma, zai yi masa kaftu ya zuba taki. Bai yi musun cewa itacen ya gaza ba, lokaci ya roƙa, ya kuma ɗauki aikin a kansa. Amma shekara guda ya roƙa, ya kuma yarda cewa in ba a ga canji ba, a sare. Masu cewa sai sun yi aure ko sun manyanta za su gyara, wa ya ba su tabbacin shekarar da suke ciki ba ita ce wadda aka roƙa musu ba?

Ni kaftun da aka yi mini ya zo ne ta bakin wata dattijuwa a ikkilisiya. Ta tare ni bayan sujada ta ce, "Ɗana, muryarka da daɗi, amma yaushe rabonka da gaishe da wane?" Na rasa ta cewa. Sati biyu na yi ina kokawa da girman kaina kafin na je na ƙwanƙwasa ƙofarsa. Da ya buɗe ya gan ni, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce in shigo.