Leda ta cinye mana wuraren shan iska

Wallahi abin nan yana ci min rai. Ranar Asabar na ce bari in kai yaran yayata su hau Dutsen Dala, su ga Kano daga sama, su ga inda aka ce Barbushe ya zauna yana bautar Tsumburbura, tun daga matakala ta farko leda ce ko ina, ledar fiya wata, robar lemo, ɓawon rake, ga wani wari da ba sai na faɗi ko na mene ne ba. Ƙaramar ta toshe hanci tace kawu mu koma gida. Haba jama'a! Wajen da garin nan kaf ya samo asali fa.

Kuma ba a birni kaɗai ba. Bara mun je Tiga, dam ɗin da aka gina tun zamanin Audu Bako, ruwa ne iya ganinka ga iska mai daɗi, amma duk inda mutane suka zauna suka ci shinkafa nan suka bar takeaway ɗinsu suka tafi. Mutanen ƙauyen su ake bari da sharar, awakinsu su ci leda su kumbura su mutu.

Yanzu abokaina suna cewa mu je Riruwai can Doguwa, wajen duwatsun da ake haƙar kuza, mu kwana biyu. Na ce zan je amma kowa sai ya riƙo buhun da zai zuba shararsa, wanda bai yarda ba kar ya shiga motata.