Muna da ƙungiyar albasa, amma ba mu da ta ruwa

Jiya bayan asuba na leƙa lambun wani dattijonmu a wajen Ojo da ke Legas, inda na daɗe ina sarin alayyafo da lalo. Na tarar da shi tsugune a bakin rafi, ya kashe injin ban-ruwa, ya ɗebo ruwa a tafin hannu yana shinshinawa. Ya miƙo min ya ce, "Ɗana, shaƙa ka ji." Warin baƙin mai ne, ga maiƙo yana sheƙi a saman ruwan. Na ce, "Baba, daga ina?" Ya nuna gaba da haɓarsa. Can sama akwai garejin makanikai, akwai masu wankin mota, sai masu kiwon kifi da ke sako tsohon ruwansu cikin dare. Fangali shida na latas ya riga ya shayar kafin hancinsa ya gaya masa.

Abin da ya tsaya min a rai ba asarar latas ɗin ba ce kaɗai. Mu Hausawan Legas ba a bar mu a baya ba wajen kafa ƙungiya. Je ka kasuwar Mile 12: masu albasa da shugabansu, masu tumatir da nasu, masu tattasai da nasu. A Agege da Idi-Araba akwai ta 'yan gari kaza da ta 'yan ƙaramar hukuma kaza, ga sarakunan Hausawa a unguwanni. Amma mutanen da suka jera tiyo a rafi ɗaya, wanda ke sama bai san sunan wanda ke ƙasa ba. Alhali abin da na sama ya zuba da safe, shi na ƙasa zai shayar da hantsi.

Ra'ayina shi ne mu fara haɗa kai bisa ruwan da muke sha, ba bisa garin da aka yanke mana cibiya ba. Duk wanda abincinsa ke rataye da wannan rafi ya shigo: Bahaushe mai latas, matar Ibo mai ganyen miya na ugu, masunci ɗan ƙabilar Egun, Bayarabe mai tafkin kifi, har da bakanike.

Dubi Kogin Ogun. Daga jihar Oyo ya taso, ya ratsa Abeokuta, ya biyo ta Isheri da Kara ya faɗa cikin lagun, wato babban tafkin Legas da ke haɗe da teku. Idan aka saki ruwan madatsar Oyan da ke kan wani reshen kogin, wadda aka buɗe a 1983, wajen Satumba da Oktoba mutanen Isheri da Agiliti da Ajegunle ta hanyar Ikorodu sun san abin da ke biyo baya. Daga wannan kogin ne kuma ake jan ruwan da matatar Adiyan ke tacewa ana sha a gari. To a bakinsa kasuwar shanu ta Kara take, kuma mun san 'yan wa ke cikinta. Kashin shanu da jinin yanka ba sama suke tashi ba. Mu ma masu lambu kada mu yi tuya mu manta da albasa: sau nawa aka wanke tankin feshi a cikin rafi? Sau nawa aka jibge buhunan kashin kaji a gaɓa, ruwan sama ya kwashe rabi? Idan za mu kai ƙarar bakanike, sai mun fara wanke namu hannun.

Wasu ƙasashen sun daɗe da gano wannan. A jihar Biktoriya ta Ostareliya, a 1986, ministar kula da muhalli Joan Kirner da shugabar ƙungiyar manoma Heather Mitchell suka haɗa kai aka kafa shirin Landcare, saboda zaizaya da gishiri suna cinye gonaki. Manoman yanki ɗaya ke zama su tsara aikinsu, gwamnati ta tallafa da masana da kuɗi. Zuwa 1989 abin ya zama na ƙasa baki ɗaya. A Niyu Zilan ma manoman da ke kan kogi ɗaya, kamar na Pomahaka, su ke ɗibar ruwa a kai gwaji, su katange gaɓa don kada shanu su shiga, su dasa itatuwa. Idan jami'i ya zo, da sakamakon gwajinsu a hannu suke tarbarsa.

Kuma ba sai mun je nesa ba. Gayya tamu ce, Sarkin Ruwa da Sarkin Noma namu ne. Mutanen fadamar Haɗeja da Nguru, da kachalla ta toshe musu hanyoyin ruwa, ai da lauje da adda suka riƙa fita gari-gari. Inda muka yi tuntuɓe shi ne zamanin shirin Fadama na gwamnati, na tallafa wa masu noman rani: an kafa ƙungiyoyi birjik, amma da yawansu don karɓar inji aka yi su. Inji ya zo, aka raba, taro ya watse. Ƙungiyar da aka kafa don rabo, ranar da rabo ya ƙare take mutuwa.

Na san abin da za a ce min, don Baba ma ya faɗa: "Ɗana, filin nan ba namu ba ne. Ka je ka tono mu, gobe a turo katafila." Tsoron nan gaskiya ne, ba na raina shi. Yawancinmu aro muke ko haya, wasu a ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, wasu a filin da mai shi zai iya zuwa da bulo ko yaushe. Sai dai ɓuya ba ta taɓa hana katafila zuwa ba. An taɓa tashin wasu abokan cinikina da wa'adin kwana bakwai, suna da kabeji bai ƙosa ba, kuma babu ko takarda ɗaya da ke nuna sun shekara goma suna yashe wannan magudana da hannunsu. Da a ce suna da ƙungiya mai suna da littafi, ko ba a bar su ba, da an saurare su har su cire amfaninsu.

Littafin nan shi ne farko. Ranar da ruwa ya canza launi a rubuta, a ɗauki hoto da waya, a tura a zauren WhatsApp. Sannan a fara da Bale, wato mai unguwa na Yarbawa, a wuce ƙaramar hukuma, a kai ga LASEPA, tunda ita ce hukumar jiha mai kula da gurɓatar muhalli. Mu je da tayinmu: mun daina wanke kayan feshi a rafi, za mu bar ciyawa taku biyar daga gaɓa, za mu kwashe leda da robobin abinci duk wata, musamman tunda jiha ta haramta na kumfa tun Janairun 2024. Mu kuma a gwada mana ruwa, a samar wa makanikai inda za su tara baƙin mai, a sanar da mu kafin a zo yashe rafi.

Mun tsayar da Juma'a don zaman farko, bayan an sauko daga masallaci, a ƙarƙashin mangwaron bakin lambu. Na ce wa Baba wanda za a fara gayyata shi ne shugaban makanikan nan. Ya yi shiru ya daɗe, ya yi tsaki, sannan ya tashi ya yanko alayyafo dami biyu daga fangalin da baƙin man bai taɓa ba, ya ce in kai masa tare da saƙon.