Kafin ƙullutu ya fito

Maganar da ta fi ci min tuwo a ƙwarya a Kanon nan ita ce wai "daji ba ya son ƙarfe", wato kada a yi wa mai sankara tiyata. Da ita ake hana mace zuwa asibiti, a yi ta jiƙe-jiƙe da hayaƙi har nono ya fashe, sannan a kwaso baiwar Allah ranga-ranga zuwa asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala. In ta cika, a ɗora wa wuƙar likita.

Alhali sankarar mama tana da matakin da take kulle cikin siririyar hanyar da ruwan nono ke bi, ba ta fasa bango ba. Likitoci na ce masa DCIS, mataki na 0. Yawanci ba ƙullutu, ba zafi. Hoton mamogiram, wato hoton cikin nono da ake ɗauka a asibiti, shi ne ke nuna wasu fararen ɗigo-ɗigo kamar barbaɗin gishiri, wani lokaci kuma kan nono ɗaya ya riƙa ɗigar ruwa mai jini-jini.

Tun 1971 wani likitan tiyata a Amurka, Judah Folkman, ya ce ƙari ba ya wuce milimita 1 zuwa 2 sai ya jawo wa kansa jini. Idan iska ta yi wa ƙwayoyin cutar ƙaranci, sai su saki wani sinadari, VEGF, sababbin ƙananan jijiyoyin jini su tsiro su kewaye hanyar nonon. Ga kuma kumburi, ba irin wanda ido ke gani ba. Fararen ƙwayoyin jini da suka zo faɗa, wasunsu sai su ɓige da taya cutar: su ƙara kiran jijiyoyi, su saki abin da ke sassauta bangon. Wani likitan Jamus, Virchow, ya hango alaƙar kumburi da daji tun 1863. Duk wannan aiki a ɓoye yake gudana, a watannin da ake cewa bari mu gwada na gida tukuna.

Ba kowace DCIS ce ke fasa bango ba, amma har yau babu gwajin da ke tantancewa ɗari bisa ɗari, shi ya sa ake cirewa, wani lokaci a haɗa da gashin na'ura (radiotherapy). Mafi yawan matan da aka kama tasu a wannan mataki suna rayuwarsu lafiya lau.

Ƙorafina ga masu gangamin wayar da kai kan sankarar mama na watan Oktoba ne. Koya wa mata lalube da hannu yana da kyau, amma hannu bai cika kama wannan mataki ba. A matsa wa gwamnati ta sa na'urar mamogiram mai aiki a manyan asibitocinta, da kuɗin da mai ƙosai a Kurna za ta iya biya. Ku kuma iyayen gida, in mace ta ce ta ga jini a rigar mama, a ba ta kuɗin mota ranar.