Dokin da bai fi kyanwa ba ya fi dinoso amfani a gare mu

Duk lokacin da aka tono ƙashin dinoso, wato manyan dabbobin nan na zamanin da da suka ƙare, sai ka ga labari ya cika intanet, hotuna ko'ina, amma in aka ce an samo haƙoran wata ƴar dabba mai kofato babu mai ɗaga kai. Ni kam wannan abin yana ci min rai gaskiya, don a ganina ƙananan nan sun fi ba mu labarin da ya shafe mu yau.

Ga Sifrhippus. Wani ɗan ƙaramin dangin doki ne da ya rayu shekaru wajen miliyan 56 da suka wuce, girmansa bai fi na kyanwa ba, ganye yake ci a daji. An tono haƙoransa a kwarin Bighorn da ke jihar Wyoming a Amurka. A zamaninsa duniya ta yi wani irin zafi na ban mamaki, iskar kabon ta cika sama, zafi ya ƙaru da sama da digiri 5, kuma abin ya ɗauki shekaru kusan 175,000 kafin ya lafa.

A 2012 Ross Secord da Jonathan Bloch da abokan aikinsu suka fitar da bincike a mujallar Science, suka auna haƙoran nan ɗaya bayan ɗaya bisa jerin shimfiɗar duwatsun da aka same su, sai suka ga cewa yadda zafi ke hawa haka dokin ke raguwa, daga kimanin kilo 5.6 ya sauko kilo 3.9 cikin shekaru 130,000, wato ya rasa kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa, da sanyi ya fara dawowa kuma sai ya sake girma har ya kai wajen kilo 7. Haƙoran dai su ne suka nuna girman jiki, sinadarin oksijin da ke cikin haƙoran wata dabba da ta rayu tare da shi kuma ya nuna yanayin zafin lokacin.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne sosai. Tun 1847 wani masanin halittu mai suna Carl Bergmann ya lura cewa dabbobin wurin zafi sun fi ƴan uwansu na wurin sanyi ƙanƙanta, don ƙaramin jiki ya fi saurin fitar da zafi. Wasu kuma na ganin yawan kabon yana rage amfanin ganye, dabba ta ci ta ƙoshi amma jiki bai samu abin kirki ba. Masu binciken sun fi karkata ga zafin.

To wani zai ce ai shi ke nan, tunda dokin ya tsira, dabbobin yau ma za su saba. Nan ne ban yarda ba sam. Shi ya samu shekaru sama da dubu ɗari yana sauyawa zuriya bayan zuriya, kuma babu tituna babu gonaki babu shinge da suka tare masa hanya in zai ƙaura. Zafin da muke ciki yanzu cikin ƙarni ɗaya ko biyu yake hawa. Ina lokacin sabawa?

Shi ya sa nake cewa kuɗin bincike da ake zubawa a kan manyan ƙasusuwa masu jan ƴan kallo a gidajen tarihi, a ware wani abu mai tsoka ga masu zaman tace ƙasa suna tsintar haƙorin da bai kai farce ba. Aiki ne mai cin rai da lokaci, kuma ba tare da haƙori da yawa daga kowace shimfiɗar dutse ba babu yadda za a yi a gane cewa dabbar ragewa take yi.