Wata bakwai ina jira, ya miƙo mini littafi babu ƙugiya ko ɗaya

Kwali huɗu ne a ƙarƙashin gadon Inna yanzu haka, cike da littafina na farko, kuma ko ɗaya ba zan iya kai wa kasuwa ba. Wanda ya yi mini wannan aika-aika yana nan cikin garin Damagaram, kullum safiya yana buɗe maɗaba'arsa yana karɓar kuɗin bayin Allah. Ba zan kama sunansa ba. Ya san kansa, yaran shagonsa ma sun san ni, don sau goma sha huɗu na taka ƙofar nan.

Tun 2019 Inna ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu, hawan jini ya shanye mata ɓarin dama. Ni ce mace babba a ɗakinmu, sai na ajiye koyarwa na dawo gida. Wanda bai taɓa jinyar kwance ba ba zai gane ba. Duk bayan awa 2 sai an juya ta, dare da rana, in ba haka ba gyambo ya ɓullo a kwankwaso ko a diddige. Kunu sai an tada ta zaune an ba ta da cokali a hankali, kada ya sarƙe ta. Ga wankin zannuwa a garin da ke zaune bisa dutse, inda a watan Afrilu famfo kan yi kwanaki bai ɗiga ba, sai ki tsaya a ƙofar gida kina tare ƴan garuwa.

A tsakanin juyin ƙarfe goma sha biyu da na ƙarfe biyu na dare na rubuta littafin nan, cikin kayen ƴan makaranta, da fitilar salula. Abin da ya sa ni kuwa, duk lokacin da na kai Inna likita sai in tarar da mata daga Mirriya, daga Tanut, daga Matamai, an sallame su da mara lafiya da takarda cikin Faransanci, babu mai zaunar da su ya ce ga yadda ake ɗaga shi, ga yadda ake wanke shi a kan gado. Na ce bari in rubuta abin da shekaru suka koya mini da harshen da za a karanta musu su ji. Shafi 96 ya fita. Ɗan yayata da ke karatu a jami'ar André Salifou ya buga mini shi a kwamfuta, muka bi shi layi-layi har sau uku, kowace ɓ, kowace ɗ, kowace ƙ da ƴ tana wurinta.

Kowa ya ce in kai Kano, an fi sauƙi, kuma can ne gidan buga littattafan Hausa. Kano ba ta kai nisan Yamai ba ko kusa, amma wa zan bar wa Inna ko na kwana ɗaya? Shi ya sa na tsaya gida. Na kuma faɗa wa mai maɗaba'ar haka da bakina ranar farko, ashe makami na ba shi. Ya gane ba ni da inda zan je.

Mun yi ciniki a watan Janairun 2025: kwafi 300 a kan jika 350 na sefa. Na ba shi jika 200 kafin alƙalami. Kuɗin adashe ne na shekara guda, da tumaki biyu da na sayar, da abin da ƙanena ya aiko daga Agadas. Ya ce, "Hajiya, sati uku ki zo ki kwashi kayanki."

Sati uku ya zama jeka-ka-dawo. Yau babu kuran. Gobe injin ya lalace, ana jiran mai gyara. Jibi babu takarda, wai an rufe iyaka. Na ce masa, "Malam, iyakar Najeriya tun watan Maris na 2024 aka buɗe ta, motoci na shiga suna fita, wace iyakar kake nufi?" Sai ya yi dariya ya ce ni dai malamar makaranta ce. Alhali a gabana ake ta fitar da katin ɗaurin aure da kalanda da takardun ƴan kasuwa, su ba su rasa takarda ba. Azumi ya zo ya ce a bari a sha ruwa. Aka yi salla, ya ce a bari a yi layya.

Shi a wurinsa "dawo gobe" kalma biyu ce. Ni a wurina sai na roƙi maƙwabciyata ta bar aikinta ta zauna da Inna, in hau kabu-kabu daga Garin Malam cikin ranar nan mai narka kwalta, in biya zuwa da dawowa, ina duba agogo kamar wadda ta bar tukunya a wuta. Wata rana ya ce in jira, yanzu za a fito da gwaji. Awa uku ina kan benci. Maƙwabciyar ta tafi ɗauko yaranta daga makaranta, ba laifinta. Na dawo na tarar da Inna a jiƙe, a ɓarin da na bar ta tun safe, kwankwasonta ya yi jajir. Sati biyar na yi ina fama da wurin nan kafin ya rufe. Shekara shida ban bari gyambo ya kama ta ba sai a dalilin mutumin da bai ma fito da gwajin ba. Bangon littafin kawai ya nuna mini.

A watan Agusta ya kira ya ce an gama. Nan kam na yarda da nawa laifin: na cika masa jika 150 ɗinsa ban buɗe kwali ba, saboda ina sauri, hadari ya haɗo, Inna ita kaɗai. Na zo gida na wanke hannu, na zaro ɗaya na ɗora mata a hannun hagu. Ba ta karatun boko, amma ta shafa bangon ta daɗe tana kallona. Da ta yi barci na buɗe.

Babu ƙugiya. Ko ɗaya, daga shafin farko har na ƙarshe. Babin da na fi wahala a kansa, wanda na yi ta tambayar masu aikin likita don kada in rubuta kuskure, sunansa "Gashin ƙashi a gida". Yanzu da manyan baƙaƙe an rubuta "Gashin kashi a gida". Ku faɗa mini, wace uwa zan miƙa wa wannan? Inda na ce kada a bar baƙi su cika ɗakin mara lafiya, ya koma baki. Inda na yi maganar faɗa tsakanin ƴan'uwa kan wa zai kwana da tsohuwa, ya koma fada, kamar ina aika mutane gidan Sarki a Birni. Duk "ɗa" ya zama "da". Akwai jimlolin da ni da na rubuta su sai na karanta sau biyu kafin in gane abin da nake nufi.

Washegari na koma. Yaronsa ne ya faɗi gaskiya, shi ma don bai san laifi ba ne. Wai da suka buɗe rubutun a tasu kwamfutar suka canza masa salon haruffa, sai baƙaƙen namu suka fito kamar ƙananan akwatuna, shi kuwa ya bi su duka ya maye su da k da d da b da y. Aikin minti biyar. Ba wanda ya ɗaga waya ya tambaye ni, ga lambata a jikin rasit. Salon haruffa masu ƙugiya kyauta suke a intanet, a wayar hannun yaron ma akwai su.

Na ce wa mai gidan, "Malam, ka ɓata mini aiki, sai ka sake." Ko tashi bai yi ba. Ya ce, "Haba Hajiya, ai Hausa ce, kowa zai gane. A Facebook wa yake sa ƙugiya?"

Wannan maganar ta fi kuɗin ƙona mini rai. Da takardar Faransanci ce wani ma'aikaci ya kawo daga ofis, aka zubar da ƴan alamomin da ke kan e, wallahi da daren nan zai sake bugawa, ya kai har gida yana ba da haƙuri. Tun 1999 hukumar ilimi ta ƙasar nan tamu Nijar ta tsaida ƙa'idar rubutun Hausa, da ita na koyar da yara. A watan Maris na 2025, littafina na kwance a shagonsa, aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma mai maɗaba'a a tsakiyar Damagaram, wanda da Hausa ya yi ciniki da ni, da Hausa ya yi mini ƙarya wata bakwai, yana ganin rubuta ta daidai ɓata lokaci ne. Ƙarshe ya ce in na kawo kuɗin takarda zai "taimaka" mini. Taimako!

Yayana ya ce in bar shi da Allah. Na bar shi da Allah, amma rasit yana hannuna, kuma ranar Alhamis ni da mai unguwa za mu je shagon. Kafin nan na sayi biro baƙi guda uku. Tsakanin juyin sha biyu da na ƙarfe biyu ina zaro littafi ɗaya daga ƙarƙashin gado ina sa wa kowane harafi ƙugiyarsa da hannu. Kwafi ɗaya na cin dare biyu. Na gama goma sha ɗaya, na ba wata mata daga Magariya ɗaya a likita jiya, mijinta ne ya faɗi. Saura 289.