A Ingila layin karɓar abinci abin kunyar gwamnati ne, a gida abin tutiya

Duk lokacin da aka fitar da alƙaluman tattalin arziki a Birtaniya, gardama iri ɗaya ce ke tashi, har na kusa haddace ta. Masu mulki su ce tattalin arziki na farfaɗowa, rashin aikin yi ya ragu, 'yan kasuwa na zuba jari a Manchester da Leeds. 'Yan adawa su ce, to in haka ne, me ya sa layin masu karɓar abincin tallafi ke ƙara tsawo? Ranar da mulki ya juya kuma sai su yi musayar baki, mai tambayar jiya ya koma mai kare kai. Ina zaune a Oldham, gefen Manchester, a arewacin Ingila, kuma ni ɗan wata Arewar ne, shi ya sa kunnena ke jin wannan gardama iri biyu.

Ga wanda bai taɓa gani ba, abin da suke kira bankin abinci ɗaki ne a coci ko masallaci ko zauren unguwa. Jama'a na jefa abincin gwangwani, taliya, shinkafa, madara da ganyen shayi a cikin kwandunan da aka ajiye a bakin ƙofar manyan kantuna, 'yan sa-kai su kwaso su jera. A yawancinsu ba a zuwa haka siddan. Sai likita ko makarantar yara ko ofishin ba da shawara ya ba ka takarda, sannan a haɗa maka abin da zai kai ka kwana uku. Ƙungiyar Trussell, wadda ta fi kowa rassa, ta buɗe na farko a Salisbury a 2000. A shekarar 2010 zuwa 2011 abin da ta raba bai wuce kimanin ƙunshi 61,000 ba. A 2023 zuwa 2024 ya haura miliyan 3.1, fiye da miliyan ɗaya na yara ne. A tsakanin nan kuwa, a 2022, rashin aikin yi ya sauka zuwa kimanin kashi 3.5 cikin 100, abin da ba a gani ba tun shekarun 1970.

Yaya aiki zai yawaita yunwa ma ta yawaita? Amsar na cikin yadda ake ƙirga. Wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako, a takarda ma'aikaci ne. Akwai kimanin mutum miliyan ɗaya da ke kan kwangilar da ba ta yi musu alkawarin ko awa ɗaya ba: a kira ka yau, gobe shiru. Akwai kuma wajen miliyan 2.8 da doguwar jinya ta zaunar, su ba a ma lissafa su cikin marasa aiki. Sai tallafin gwamnati na Universal Credit, wanda aka fara a 2013 aka narkar da tallafi iri shida a cikinsa. In ka nema yau, sai ka jira mako biyar kafin kuɗin farko ya shigo. Za a iya ba ka wani abu ka riƙe kafin lokacin, amma rance ne, ana zare shi daga kuɗin watannin gaba. Mai haya kuwa ba ya jiran mako biyar, kamfanin wuta ma haka.

Masu ra'ayin riƙau suna da nasu zancen, kuma ba duka ne shirme ba. Suna cewa kuɗin tallafi ya yi wa baitulmali nauyi, akwai masu lafiya garau da suka mayar da shi sana'a, kuma abin kyauta ba ya rasa mai karɓa, in ka buɗe bankin abinci dole a zo. Na san akwai masu zamba, ko'ina akwai su. Amma wanda ya tsaya ya kalli layin nan sau ɗaya ba zai ce kwaɗayi ne ya tara shi ba. Za ka ga mace da rigar aikin kula da tsofaffi a ƙarƙashin rigar sanyi, ta sauko daga aikin dare. Za ka ga wanda ya ce a cire masa duk abin da sai an dafa, a ba shi wanda ake zuba wa ruwan zafi kawai, saboda kuɗin mitarsa ya ƙare. Baturen da ya tsufa yana tinƙaho da cewa bai taɓa roƙon kowa ba, ba ya shiga wannan layi don marmari.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda tarihin garin nan ya sarƙe da namu. Oldham garin kaɗi ne, a zamaninsa yana cikin manyan garuruwan sarrafa auduga a duniya. Masu masaƙun wannan yanki ne suka kafa ƙungiyar BCGA a Manchester a 1902 don neman auduga a ƙasashen da suka mallaka, ita ce ta kafa injinan gurza a Zariya da Funtuwa, jirgin ƙasan da ya iso Kano a 1911 kuma aka sa ran zai riƙa kwaso musu ita. Yau masaƙun Oldham wasu an rushe, wasu sun zama ɗakunan ajiyar kaya, jan bulo da dogon bututun hayaƙi babu hayaƙi. Duk wanda ya san Kakuri a Kaduna ya san wannan kallo. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta mutu, UNTL ta rufe a 2007, Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano rabi kango ne. Waɗanda suka ci auduga da waɗanda suka noma ta, jikokinsu duka suna neman aiki.

Alkawari ma kusan iri ɗaya ake yi wa Arewar biyu. A 2014 ministan kuɗi George Osborne ya ce zai mayar da arewacin Ingila cibiyar ƙarfin tattalin arziki. A 2019 Boris Johnson ya ci zaɓe da alkawarin daidaita arewa da kudu. A Oktoban 2023 firaminista Rishi Sunak ya soke ɓangaren jirgin ƙasa mai gudu na HS2 da zai iso Manchester, kuma a cikin Manchester ɗin ya tsaya ya faɗa, a zauren da asalinsa tashar jirgin ƙasa ce. Gaskiya tsakiyar Manchester ta haɓaka, dogayen benaye sai tashi suke. Amma ka hau tarago daga can, kafin rabin awa kana Oldham, ka ga shagunan caca da na kayan gwanjo sun maye gurbin kantuna. Alƙaluman yanki suna haɗa garuruwan biyu su raba, sai a ce yanki ya ci gaba.

Mu ma an yi mana irin wannan lissafi. Hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta ce a ƙarshen 2020 marasa aiki sun kai kashi 33.3. A 2023 ta sauya ma'auni ta ɗauki na awa ɗaya a mako, sai ga adadin ya koma 4.1, kamar na Ingila. Mai tura baro da mai tallan ruwan leda duk sun zama ma'aikata, ba tare da an buɗe masana'anta ko ɗaya ba. Ita dai wannan hukuma a 2022 ta ce mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da yawa, kashi 65 cikinsu a Arewa suke, Sakkwato kuma ta kai kashi 91.

Inda hanya ta rabu shi ne yadda ake ɗaukar layin. A nan, duk ƙunshin abincin da aka raba hujja ce a kan gwamnati. Ana karanta adadin a majalisa, minista ya yi ta kame-kame. A 2020 Marcus Rashford, yana ɗan wasan Manchester United, ya matsa wa gwamnati har ta janye matsayinta ta ci gaba da ciyar da yaran talakawa lokacin hutu. Mutanen nan sun ɗauka cewa sun biya haraji, don haka tallafi haƙƙinsu ne, in har sai an kai ga sadakar coci to hukuma ta gaza. Mu kuwa rabon shinkafa shi ne aikin da ake nunawa. A buga hoton gwamna a jikin buhu, a kira 'yan jarida, a yi kiɗa, talaka ya ɗaga buhu sama yana godiya. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 an yi alkawarin naira 25,000 na wata uku ga gidaje miliyan 15, kafin a je ko'ina aka dakatar da ministar jinƙai a Janairun 2024 bisa zargin karkatar da kuɗi. A dai shekarar 2024 mutane sun mutu a turmutsutsun rabon kuɗi a Bauchi, da na shinkafa a jami'ar Keffi, a Disamba kuma a Ibadan da Abuja da Okija. An yi ta'aziyya, an gargaɗi masu rabo su riƙa sanar da 'yan sanda, aka wuce.

Ƙanena ya taɓa ce mini a waya, "Yaya, ai ku can ko kuna kwance gwamnati na biyan ku." Ganin kitse ake wa rogo. Yawancin 'yan uwanmu da suka zo karatu ko aikin kula da tsofaffi, a takardar zamansu an rubuta ƙarara cewa ba su da rabo a kuɗin tallafin gwamnati. Suna biyan haraji, ɗaliban cikinsu sun biya kuɗin asibiti tun wajen neman biza, amma ranar da aiki ya tsaya babu ofishin da za su nufa. Masallaci ne gatansu. Wata baiwar Allah ta zo karɓar kaya a masallacinmu, ta rage murya ta ce wa dattijon da ke rubuta sunaye, "Baba, don Allah kada sunana ya fita, a gida sun ɗauka ni ce mai bayarwa." Ya ce, "'Yata, ɗauki ki tafi, ban ganki ba." A watan nan ma ta tura kuɗin makarantar ƙannenta.

Ba na raina abin da muke da shi. Ciyayya tsakanin maƙwabta, kwanon da ake miƙa wa gidan da aka ji shiru, zakka da fidda-kai, dangin da ba sa bari naka ya kwana a titi, duk Ingila ba ta da irinsu, tsoho kan mutu a ɗaki a yi kwanaki ba a sani ba. Sai dai zumunci na aiki ne in akwai mai ɗan hali a dangi. Yanzu ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 shi ma nema yake, kuma gwamnatocinmu sun daɗe suna jingina da wannan zumunci suna ɗora masa nauyin da nasu ne.

Saboda haka ni ba bankin abinci nake so a kwaikwayo ba, masu shi ma so suke a wayi gari babu bukatarsa. Abin da nake hassada shi ne takarda. A nan doka ta faɗi wanda ya cancanta, nawa zai samu, wace rana kuɗin zai shiga asusunsa. In an yanke maka, akwai wasiƙa mai ɗauke da dalili, kana iya neman a sake dubawa, in ba ka gamsu ba ka ɗaukaka ƙara zuwa kotun da ke sauraren irin wannan shari'a, kuma mutane da dama na yin nasara a can. A ƙauyenmu jerin sunayen yana aljihun kansila ko shugaban jam'iyya na mazaɓa. In bana ya tsallake sunan bazawarar da ke riƙe da marayu biyar ya sa na surukinsa, babu wasiƙa, babu dalili, kuma ko ta so kai ƙara ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba.